Tsohon hannu a kan tsofaffin waƙoƙi: faifan fiyano na Brian Wilson

A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Decca ya fitar da wani faifai na Brian Wilson, mutumin da ya tsara kiɗan mafi yawan fitattun waƙoƙin ƙungiyar Beach Boys ta Amurka, kuma babu komai a cikinsa sai fiyano. Babu murya, babu ganga, babu jita, babu amshi. Sunan faifan At My Piano, yana ɗauke da kiɗa 15, kusan dukkansu tsofaffin waƙoƙin da duniya ta daɗe da haddacewa, kuma mai shi yana da shekara 79 lokacin da ya fito. Tun daga makon farko masoyansa suka rabu a kansa, kuma rasuwarsa a ranar 11 ga Yuni, 2025, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 83, ba ta kashe gardamar ba. Ina cikin waɗanda suke sauraren faifan har yanzu, amma ba na jin cewa waɗanda suka ƙi shi duk sun yi kuskure, domin a cikin ƙorafinsu akwai gaskiyar da ya kamata mai son aikin ya iya haɗiyewa.

Fiyanon da ake magana a kansa shi ne na katako, mai igiyoyin ƙarfe da ƙananan guduma a cikinsa, wanda idan ka danna a hankali ya amsa a hankali, idan ka doka ya yi ƙara. Ba ya kawo ganga ko sarewa da taɓa maɓalli ɗaya kamar na lantarki da ake aiki da shi a situdiyo. Wanda ya zauna a gabansa shi kaɗai ba shi da inda zai ɓuya, kuma wannan ne ya sa mutane suka sa rai sosai, suka kuma yi hukunci da zafi.

Kafin a fahimci zafin, sai an tuna abin da Brian Wilson ya yi suna da shi. An kafa ƙungiyar Beach Boys a 1961 a garin Hawthorne na jihar Kalifoniya, da shi da ƙannensa biyu, Dennis da Carl, da ɗan'uwansu Mike Love, da abokinsu Al Jardine. Tun yana yaro yake zama gaban fiyanon gidansu yana warware waƙoƙin ƙungiyar Four Freshmen murya bayan murya, har ya gane yadda ake jera muryoyi huɗu su zama kamar ɗaya, sannan ya koya wa ƙannensa. Kunnensa na dama kusan ba ya ji tun ƙuruciya. A ƙarshen 1964 ya daina bin ƙungiyarsu yawon wasanni bayan wata matsalar ƙwaƙwalwa da ta same shi a cikin jirgin sama, ya koma situdiyo a Los Angeles yana aiki da ƙwararrun makaɗan haya, kuma daga wannan zaman ne faifan Pet Sounds ya fito a watan Mayu na 1966, yana da shekara 23 kacal. Babbar gwanintarsa tana cikin haɗa abubuwa: wannan murya a kan waccan, ƙaho a gefen fiyano, ƙananan ƙararrawa a ƙarƙashin goge, har sai an sami wani sauti da babu kayan kiɗa guda da zai iya bayarwa. Saboda haka faifan da ya cire duk waɗannan ya cire abin da mutane da yawa suke ɗauka shi ne Brian Wilson ɗin kansa.

Masu ƙorafi na farko a nan suka tsaya. Suna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma waɗannan waƙoƙi an gina su ne domin makogwaro. Carl ne ya rera "God Only Knows" da muryarsa mai sanyi, kuma ya rasu a 1998. Dennis ya riga shi tun 1983, a ruwa. Muryar Brian ta sama, wadda take shawagi a kan sauran a faifan shekarun 1960, tsufa da taba da wahalar rayuwa sun daɗe da sauke ta. Ga waɗannan masoya, jin karin waƙar a fiyano tamkar a kawo maka kiɗan Mamman Shata ne ba Shata, ba 'yan amshi: za ka gane wace waƙa ce, amma abin da ya sa ka so ta ba ya wurin. Mafi zafin baki a cikinsu suna cewa an mayar da manyan ayyuka irin kiɗan da ake sakawa a harabar otal domin kada shiru ya yi yawa. Na fahimci wannan, kuma a wasu wurare na yarda. "Good Vibrations" ita ce shaidarsu mafi ƙarfi. An naɗe ta a 1966 gutsure-gutsure, a situdiyo daban-daban, cikin watanni, aka yanka tef aka liƙa, kuma daɗinta yana cikin yadda sautin yake sauya launi kwatsam, daga babban goge mai gurnani zuwa wata na'urar lantarki mai kuka kamar fito. Fiyano ɗaya ba shi da waɗannan launuka, don haka abin da ya rage ƙashi ne kawai. Haka "California Girls", wadda mabuɗinta yake da kyau ko a ina aka buga shi, amma da an shiga jikin waƙar sai a ji tana neman taron muryoyin da babu su.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wurina, kuma ya fito ne daga waɗanda suka fi sanin aikinsa. Su ba rashin murya ne ya dame su ba. Hannun da suke ji ne bai yi musu kama da hannun Brian ba. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan bidiyonsa yana bugu ya san salonsa: hannun dama yana dafe da sautuka uku ko huɗu yana doka su a jere, bugu bayan bugu ba ƙaƙƙautawa, hannun hagu kuma yana tafiya a ƙasa, a hankali, inda ba a zata ba. Karin waƙar ba ya cikin yatsunsa, yana bakinsa. A watan Disamba na 1966 an ɗauke shi a gidansa yana rera "Surf's Up" shi kaɗai da fiyano, domin wani shirin talabijin da shahararren masanin kiɗa Leonard Bernstein ya gabatar a shekarar da ta biyo baya, kuma wannan ɗaukar ce masoya suke riƙe da ita a matsayin ma'auni. A faifan 2021 kuwa ana jin karin waƙa yana fita tsaf a sama, ana jin an ɗora wani bugun a kan wani ta yadda hannu biyu ba za su iya yi a lokaci guda ba, kuma komai a goge yake, babu tuntuɓe ko ɗaya. Da aka ƙara da cewa mai tsara faifan, Nick Patrick, yana cikin waɗanda suka yi aikin ɗora kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic a kan tsofaffin muryoyin Elvis Presley a 2015 da na Beach Boys a 2018, sai zargi ya samu gindin zama, har wasu suka riƙa tambayar ko nawa ne daga abin da suke ji ya fito daga yatsun tsohon.

Ba na bin su har can, domin ɗora sauti a kan sauti shi ne aikin Brian Wilson tun yana saurayi, kuma babu dalilin da zai sa abin da aka yaba masa a 1966 ya zama ha'inci a 2021. Inda nake tare da su shi ne batun gogewar. An yi wa faifan kwalliya ta yadda za a ɓoye shekarun mai shi, alhali shekarun nan su ne abu guda da wannan faifai yake da shi wanda tsofaffin ba su da shi. Mutum mai shekara 79 da ya binne ƙannensa biyu, idan ya zauna ya buga "In My Room", waƙar da ya rubuta da Gary Usher a 1963 yana tuna ɗakin da su ukun suke kwana suna rera waƙa, jinkirin hannunsa da nauyinsa suna cikin labarin. A fim ɗin da Don Was ya yi a kansa a 1995 akwai wurin da shi da Carl da mahaifiyarsu Audree suka rera wannan waƙar a gefen fiyano, ba wani gyara, kuma ban taɓa jin wani masoyi ya yi ƙorafi a kan wannan ba.

Duk da haka ina komawa faifan, kuma dalilina shi ne na kashi na uku na masoyansa, waɗanda suke cewa sun ji abin da ba su taɓa ji ba a waƙoƙin da suka shekara hamsin suna saurare. A ɗauki "God Only Knows". A asalinta kunne yana bin muryar Carl da ƙahon da ya buɗe waƙar, ba ya lura da abin da yake faruwa a ƙasa. A fiyano kuwa sai ka ji hannun hagu yana ƙin sauka a sautin da kowa yake jira. Yana taka na kusa da shi, ya zame zuwa wani, ta yadda waƙar ba ta taɓa tsayawa da ƙafa biyu ba, kuma masana kiɗa sun daɗe suna muhawara a kan ainihin sautin da take zaune a kai. Kalmomin da Tony Asher ya rubuta suna magana ne a kan mutumin da bai san yadda zai kasance ba idan babu masoyiyarsa, kuma sai da na ji kiɗan tsirara na gane cewa rashin tabbas ɗin an riga an gina shi cikin sautukan kafin a furta kalma ɗaya. A ƙarshenta, inda muryoyi suke bin juna ɗaya bayan ɗaya, fiyanon yana nuna yadda layukan suke shiga cikin juna dalla-dalla, abin da daɗin muryoyin yake rufewa a asali.

Haka abin yake a "The Warmth of the Sun", wadda Brian da Mike Love suka rubuta a kwanakin da aka kashe Shugaba Kennedy a Nuwamban 1963, inda sauti na uku a jerin yake faɗawa wani wuri mai duhu da ba a saba ji ba a waƙoƙin matasa na wancan zamani. Haka a "'Til I Die" ta 1971, wadda shi ya rubuta kalmominta da kiɗanta a lokacin da ransa yake a dagule. Gutsattsarin da aka haɗa daga Smile, faifan da ya fara da marubucin waƙa Van Dyke Parks, ya watsar a 1967, bai kammala ba sai 2004, su ma sun zauna daram a fiyano, wanda ba abin mamaki ba ne tun da a gaban fiyano aka haife su, a wani ɗaki na gidansa da ya sa aka zuba yashi a ƙarƙashin ƙafafunsa. Abin da na lura shi ne waƙoƙin da aka rubuta cikin kaɗaici sun tsira, waɗanda aka gina domin taro da raha kuma sun rame.

Akwai kuma wata damuwa da ba ta shafi kiɗa kai tsaye ba, amma tana ƙarƙashin gardamar gaba ɗaya. Masoyan Brian Wilson sun ga yadda aka taɓa mallake shi. Likitan ƙwaƙwalwarsa, Eugene Landy, ya shekara da shekaru yana juya rayuwarsa da dukiyarsa har da sa sunansa a waƙoƙi, sai da kotu ta raba su a farkon shekarun 1990. A wasanninsa na ƙarshe, waɗanda suka tsaya a 2022, an riƙa ganinsa zaune a bayan fiyano yana bugu kaɗan, mawaƙan ƙungiyarsa suna ɗauke da nauyin waƙa, kuma a 2024, bayan rasuwar matarsa Melinda, kotu ta naɗa masu kula da al'amuransa saboda lalurar ƙwaƙwalwa. Wanda ya san wannan tarihi ba za a zarge shi ba idan ya ga sabon faifai na tsofaffin waƙoƙi ya tambaya ko tsohon ne ya so ko kasuwa ce ta so. Sai dai ina ganin akwai rashin adalci idan tausayi ya kai mu ga hana mutum ikon komawa kan abin da ya ƙirƙira. Shi da kansa ya faɗa, lokacin fitar faifan, cewa tun yana ɗan shekara 12 yake buga fiyanon falonsu kullum, ba malamin da ya koya masa, kuma ya sha bayyana fiyano a matsayin wurin da yake samun natsuwa. Masu cewa ya isa haka, ya huta, suna mantawa cewa wannan zaman shi ne hutunsa.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba, kuma kwatanci yana nuna inda aka gaza. Benny Andersson na ƙungiyar ABBA ya fitar da nasa faifan fiyano a 2017, ba murya, kuma ya dace da shi domin shi ɗin ma gwanin yatsu ne. Randy Newman ya sake naɗar tsofaffin waƙoƙinsa da fiyano da murya a faifai uku, a 2003 da 2011 da 2016, ya bar muryarsa ta tsufa yadda take, kuma wasu waƙoƙin sun fi ciwo a hakan. Hanyar Newman ce ta dace da Brian Wilson, amma aka ɗora shi a ta Andersson. Da an ajiye makirfo a gefensa, an bar shi ya doka sautukansa yadda ya saba, ya rera abin da makogwaronsa zai iya, ko da baiti ɗaya ne a kowace waƙa, da masu shakkar hannu ba su sami abin faɗa ba, da masu kukan rashin murya ma sun sami rabin abin da suke nema.

Wanda bai taɓa jin waɗannan waƙoƙi ba kada ya fara da wannan faifai, domin rabin aikinsa a cikin ƙwaƙwalwar mai saurare yake faruwa: fiyano yana tafiya, kai kuma kana cike gurbin muryoyin da ka sani. Ya fara da Pet Sounds, ya saurare shi har ya zauna masa, ya nemi ɗaukar "Surf's Up" ta 1966, sannan ya zo nan. Idan ya zo, ya tsallake "Good Vibrations" a karon farko, ya tsaya a kan "God Only Knows" da "'Til I Die", ya sa kunnensa a hannun hagu.