Daga Unguwa Uku zuwa Samaru, neman ilimin bakend

Na jima ina aikin furontend, wato fuskar shafin intanet, da yarukan kwamfuta na HTML da CSS da JavaScript, daga baya na kama React mai sauƙaƙa gina fuskar shafin, kuma alhamdulillahi ana samun na tuwo. Sai wani Alhaji a Kantin Kwari ya ce yana so a yi mishi manhajar da za ta riƙa lissafa mishi atamfa da shadda da leshin da suka shigo da waɗanda suka fita, har da sunayen masu bashi. To fom mai kyau zan iya zana mishi cikin dare ɗaya, amma in ya danna "ajiye" ina bayanin zai je ya zauna? Wannan kuma aikin bakend ne, wato ɓangaren manhaja da ke can ciki wanda ba a gani. Shi ne na kira wani yayanmu a harkar da yake zaune a Samaru kusa da ABU, ya ce ƙanena ɗauko laftof ɗinka kawai ka taho.

Ranar Asabar bayan asuba na shiga Sharon a tashar Unguwa Uku, jakar laftof a kan cinya don ban yarda a cusa min ita a but ba. Muka wuce Na'ibawa, muka bi ta Kura, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, iska mai sanyi tana shigowa. A Kwanar Dangora direba ya tsaya shan mai, wata Hajiya da ke bayana ta leƙa ta taga ta sayi ayaba da gyaɗa ta yi wa yaron tiransifa, an cire mata kuɗi amma shi bai ga alat ba, tana nuna mishi waya yana girgiza kai, direba yana ta danna hon, ƙarshe wani bawan Allah ya ciro kuɗi ya biya mata ya ce Hajiya ki bari, in sun dawo kya ba ni. Wallahi har muka wuce Tashar Yari abin yana raina, don manhajar da ke hannunta ba abin da ya samu fuskarta, kalolinta tsaf, matsalar tana can ciki inda ni ban taɓa leƙawa ba.

Na sauka a Kwangila na hau bas ɗin Samaru. Ko hutawa ban gama yi ba Yaya ya ce buɗe tamina, baƙin allon nan da ba maɓalli ba hoto. Ya ce tunda ka iya JavaScript kar ka wahal da kanka da sabon yare yanzu, Python da Django ko PHP da Laravel duk suna nan za ka iske su, fara da Node.js, tun 2009 Ryan Dahl ya fito da shi don a riƙa gudanar da JavaScript a kan saba, wato kwamfutar da ke karɓar buƙata ta mayar da amsa, ba sai cikin burauza ba. Muka saka Express mai sauƙaƙa rubuta saba a Node.js, layi kaɗan na rubuta, na buɗe localhost:3000, adireshin sabar a kan laftof ɗina, sai ga amsa ta dawo daga sabar da ni na tayar da hannuna. Da can API ɗin wasu nake kira, wato ƙofar neman bayani daga sabarsu, in jira su ba ni lambar 200, alamar an dace, ko 404, alamar ba a samu ba, yau ni ne mai ba da amsar, kuma in 500 ta fito, alamar saba ta samu matsala, ba wanda zan kira sai kaina. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Inda muka fi daɗewa shi ne rumbun bayanai, PostgreSQL. Ya sa na zana teburan shagon Alhaji, wato jadawalin bayanansa, a takarda tukunna, na kaya daban, na kwastomomi daban, na bashi daban, kowanne da lambar da ke haɗa shi da ɗan'uwansa. Da na ba shi labarin Hajiya sai ya rubuta BEGIN, umarnin fara aiki, ya rage yadi goma daga teburin kaya, ya ƙara bashi a sunan mai saye, ya ce in wuta ta ɗauke a tsakanin waɗannan biyun fa? Ko dai duka su tabbata da COMMIT, ko a yi ROLLBACK komai ya koma yadda yake. Ya ce tsakanin banki da banki abin ya fi haka sarƙaƙiya, shi ya sa wani lokacin sai an jira kafin kuɗi su dawo, amma tunanin ɗaya ne. Haka in netwok ya yi nauyi mutum ya danna sau biyu, dole saba ta gane buƙata ɗaya ce kar ta rubuta mishi bashi biyu.

Ya kuma ja min kunne sosai a kan kalmar sirri, ba a ajiye ta yadda aka rubuta, sai an bi da ita ta bcrypt mai rikiɗa ta yadda ba za ta karantu ba, sannan duk tantancewar da na saba yi a fom sai an sake ta a saba, don mai mugun nufi ba ta fom ɗina zai biyo ba. Gaskiya a nan na ji nauyin abin, littafin bashin mutane amana ne, in ya ɓace ko ya fita waje zumuncin shekaru ne zai lalace a kasuwa.

Da zan dawo ya rako ni har bakin titi, ya ce teburin bashi za ka fara gamawa, ka turo min a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kafin Juma'a in duba, sai mu yi maganar ɗora shi a saba ta gaske.