Tsagar bangon ɗakin Hajiya: gyaran da aka fara daga ƙarƙashin ƙasa

Gidan mahaifiyata a Kano ginin bulo ne mai hawa ɗaya, ba bene ba. Kusurwar ɗakinta ta gabas ta daɗe da tsagewa, kuma duk shekara sai a kira birkila ya cusa siminti ya shafe, damina na wucewa ta sake buɗewa. A farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma, na ga kuɗin da ake zubawa sun isa a biya injiniya ya zo ya duba. Na nemo wanda ke da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya.

Da ya zo, bai fara da bangon ba. Kewaya gidan ya yi ta waje yana tambaya: ina indararo ke zuba? Ina sokawe? Yaushe aka shuka darbejiyar nan? Daga baya ya nuna mini yadda ake karanta tsaga. Siririya mai yaɗuwa kamar saƙar gizo a kan filasta, wannan ta fata ce, yawanci siminti ne ya bushe da gaggawa. Tamu kuwa ta tashi ne daga gefen taga, ta bi tsakanin bulo da bulo kamar matakala, sama a buɗe har yatsa na shiga, ƙasa a matse. Ta ratsa bangon ciki da waje, ƙofar ɗakin ma ta fara cijewa. Ya ce kusurwar ce ke nutsewa.

Ya ɗana ɗan dunƙulen siminti mara kauri a kan tsagar wuri uku, ya rubuta kwanan wata da fensir a gefe. Idan dunƙulen ya fashe, tsagar tana da rai. Idan ya zauna lafiya, ginin ya gama motsinsa. Kafin wata guda ya cika, biyu daga cikinsu sun fashe. Hajiya ta ce, "Injiniya, to mu tashi ne?" Ya ce, "A'a Hajiya, ki dai koma ɗaya ɗakin har mu gama."

Da aka haƙa gefen fandisho sai ga laifin a fili. Bututun da ke kai ruwan banɗaki sokawe ya fashe a daidai kusurwar, ƙasar wurin ta zama taɓo, ga indararo kuma yana zubo ruwan rufi a wuri guda. Fandishon kansa bai yi zurfi ba. Ƙasa mai laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta motse idan ta bushe, gini kuma yana binta sama da ƙasa. Mutanen Borno da ke zaune kan firgi, baƙar ƙasar nan ta yankin Tafkin Chadi, sun fi kowa sanin wannan. Don haka mai famfo ne ya fara aiki kafin birkila: aka sauya bututu, aka karkata indararo zuwa kwata.

Sannan aka shiga ƙara wa fandisho ƙarfi ta ƙasa, kuma nan ne na fi tsayawa a kai. Birkilan, dattijo ne mai hannu, ya so a buɗe ƙarƙashin bangon gaba ɗaya a zuba kankare rana guda. Ya ce, "Ranka ya daɗe, haka zai fi sauƙin kuɗin lebura." Gaskiyarsa ta fuskar kuɗi, amma bangon da aka ƙwaƙule ƙasansa duka a kan me zai tsaya? Injiniya ya raba wurin gida-gida, kowane kamar mita ɗaya, ya sa musu lamba. A haƙa na ɗaya da na huɗu, a bar na tsakiya riƙe da nauyi. A sauka har sai an tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a bar ɗan gibi tsakaninsa da tsohon fandisho. Washegari a cusa busasshen kwaɓin siminti da yashi a gibin, a daddanna shi da katako da guduma har ya ƙi shiga. Sai ya yi ƙwari a matsa zuwa na gaba.

Kwaɓin ɗaya-biyu-huɗu ne: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, wanda yake daidai da kwanon sarki biyu, sai kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Rigimar kullum a kan ruwa take. Leburori sun fi son kwaɓi ruwa-ruwa don ya fi saurin zuba, alhali yawan ruwa shi ke raunana kankare. Abin mamaki, bayan an zuba kuma ruwan ne abincinsa. Mun yi ta ba shi ruwa safe da yamma tsawon mako, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, domin siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa.

Tsagar ita ce ta zo ƙarshe. Aka ƙwaƙule layin simintin da ke tsakanin bulo a gicciye, aka kwantar da gajerun rodi suka haɗe ɓangarorin biyu, aka cike, aka ɗora ragar waya kafin filasta. A nan ne muka lura lintar tagar, wato kankaren da aka gicciya a samanta, ta kumbura, kankaren yana ɓarewa. Rodin da ke cikin lintar ya yi kusa da waje, danshi ya same shi, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tunkuɗe abin da ya rufe ta. Aka tokare da katako, aka fasa wurin har bayan rodin, aka goge shi da buroshin ƙarfe, aka mayar da rufi mai kaurin inci ɗaya.

Waje kuma an yi daɓen siminti kewaye da bangon, mai gangara zuwa kwata. Darbejiyar injiniya ya ce a rage mata rassa kawai, domin sare babbar bishiya farat ɗaya a ƙasar laka na iya sa ƙasar ta kumbura ta sake ɗaga ginin. Damina biyu sun wuce tun daga lokacin, bangon bai buɗe ba.