Sa hannun Nura

Yau da farin ciki na tashi. Albashi ya shigo, na biya ta Kofar Kaura na sayo wa Ilham takalmin da take ta yi mini naci. 'Yan ajina ma sun kawo aikin gida, har da Sadiq.

Bayan La'asar ƙanena Nura ya kira, jirgin ruwan da yake aiki a ciki ya tsaya a tasha. Muna ta hira, yana cewa tuwon Hajiya kawai yake mafarki, sai ya ce, "Yaya, jiya ma an kawo mana takarda mun sa hannu wai mun yi atisayen barin jirgi." Na ce to kun yi? Ya yi dariya ya ce ana sauri a gama lodi, wa ke da lokaci. Kwale-kwalen ceton ma tun da ya hau bai ga an taɓa shi ba.

Gabana ya faɗi. Ni da nake koyar da labarin ƙasa na san dokar SOLAS ta kare rayuka a teku, wadda aka fara kafawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, ta wajabta wa kowane ma'aikacin jirgi atisayen gobara da na barin jirgi duk wata. Ana yinsa ne don ranar da wuta ta tashi cikin dare ƙafar mutum ta san inda za ta nufa. Na tuna masa Le Joola na Senegal, Satumbar 2002: jirgin da aka yi wa mutum ɗari biyar da wani abu aka cusa masa kusan dubu biyu, ya kife a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira. Sai Sewol na Koriya ta Kudu a 2014, wanda aka rage ruwan da ke daidaita shi don a ƙara kaya, kayan kuma ba a ɗaure su da kyau ba. Yana karya kwana suka zame gefe guda. Mutum 304 suka rasu, akasarinsu 'yan sakandare, sa'o'in yaran da nake tsayawa gabansu kullum. Duka biyun tun a tasha aka fara ɓarnar, da idon masu sa hannu.

Ya ce, "Yaya, ni ɗan koyo ne. In na ƙi, sauke ni za a yi, kuma kin san wahalar da muka sha kafin a samu wannan gurbin." Na sani. Nan na rasa ta cewa.

Abban Ilham ya ce ajali ko a gado yana samun mutum. Gaskiya ne, amma wanda aka ba amanar rayuka ya cika takarda da ƙarya, Allah zai tambaye shi.

Ban faɗa wa Hajiya ba, hawan jininta ya isa. Miyar ma ta ƙone.

Na tura masa saƙo: ko ba a yi atisaye ba, ya je da ƙafarsa ya gano inda rigar cetonsa take da wurin taruwarsu, ya tambayi wani tsohon ma'aikaci yadda ake sauke kwale-kwalen. Gobe zan sake kiransa kafin su tashi.