Layuka biyu na sojan Amurka a kan allon ajinmu

Ina koyar da lissafi a nan Maraɗi, kuma ni da ɗalibaina mun ɗauki aikin gano lokacin da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta gifta ta samanmu. Kayan aikin ba yawa: wurin da kake, wato wajen digiri 13.5 arewa da 7.1 gabas, sai layuka biyu na lambobi masu bayyana hanyar da tashar ke bi a sama, da ake ce wa TLE, waɗanda sojan Amurka ke fitarwa kyauta a intanet.

Da na kwafe su a allo, wani yaro ya ɗaga hannu: "Malam, ina sauran shekarar?" Ya yi gaskiya, gurbi biyu kacal aka ba ta. Kowane layi gurbi 69 ne, don an yanka shi daidai da katin kwali mai gurbi 80 da ake hudawa a zura wa kwamfutocin wancan zamani. Daga 57 zuwa 99 ƙarnin da ya wuce ake nufi, tunda kafin Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957 babu abin da za a ƙirga. Lambar ƙarshe kuwa ta tantancewa ce. Na sa yaran suka tara duk lambobin layin, alamar ragi a ɗauke ta ɗaya, suka raba da goma, ragowar ta fito daidai da ita. Ajin ya kaure da sowa.

Bayan Sputnik ne sojan saman Amurka suka kafa shirin Space Track na bibiyar taurarin ɗan Adam a sansanin Hanscom kusa da Boston, suna karɓar rahoto daga na'urorin radar da kyamarori, har da ƴan sa kai na Moonwatch masu leƙen sama da madubin hangen nesa. A 1961 aikin ya koma Colorado Springs kan kwamfutar Philco 2000. Sojan ruwa kuma suka shimfiɗa shingen radar a kudancin ƙasar, ana lissafinsa a Dahlgren, har aka rufe shi a 2013. Ko Kano, nan kusa da mu, ta taɓa samun tashar bibiya a zamanin Mercury, shirin Amurka na farko na tura mutum sararin samaniya, amma ta hukumar NASA ce, ba ta soja ba.

Mun gane cewa layukan suna tsufa kamar kunun safe. Iskar can sama tana jan tashar, a kan kuma ɗaga ta lokaci-lokaci, don haka kullum sababbi muke saukewa. Agogon cikinsu na GMT ne, sai an ƙara awa ɗaya. Bayan magariba ko kafin asuba ake ganin tashar, lokacin da rana ke haska ta alhali mu muna cikin duhu. Idan hazon hunturu ya sauka, sai ta hau sama sosai kafin ido ya kama ta.

Lambar tashar a jerin abubuwan da ake bibiya ita ce 25544. Gurbi biyar aka ware wa wannan lamba tun zamanin kati, shi ya sa aka tanadi sa harafi a gurbin farko idan lissafi ya wuce 99999.