Kwana biyu a Yankari: mun bi sawun giwa har rana ta faɗi

A watan Maris muka tafi, ni da ƙanina da abokin aikina ɗaya, da gangan muka zaɓi tsakiyar rani domin lokacin ne ciyawa ta bushe, dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji neman ruwa. Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka yi azahar a Bauchi sannan muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka karya kwana sai ƙofar Mainamaji. Ni a zatona da an shiga ƙofa an iso, ashe daga nan zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji zalla, ba gida ba gona, sai marke da kawo da jan ƙasa da zabin daji suna tsallake titi. A nan na fara gane girman wurin, murabba'in kilomita 2,244 fa, duk a jihar Bauchi.

Waɗanda suka fara tarbar mu gwaggon biri ne da gadu, suna yawo tsakanin ɗakuna hankalinsu kwance, tun a wurin karɓar makulli aka ja mana kunne kada mu bar taga a buɗe ko mu riƙe leda a hannu. Da yamma muka gangara ruwan Wikki, garau yake kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ya yi daɗi gaskiya, amma ba shi ya kawo ni ba, ni giwa na zo gani.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar mota tare da wani dattijon ma'aikacin daji, siriri, takalminsa ya sha tafiya. Mun ga gwambaza sun kai goma a fadama, mun ga mazo, can nesa gwanki guda biyu suka ɗaga kai suka kalle mu sannan suka shige, kada kuma na shan hantsi a bakin ruwa, ga ƙudan tsando na ta cizo ta cikin riga. Sai dattijon ya buga jikin mota direba ya tsaya, ya sauka ya nuna mana ƙasa. Sawu ne, faɗinsa kamar faranti, ga kashi tuli guda, ya sa sanda ya tona ya ce na daren jiya ne, ya nuna reshen da aka karya daga sama inda hannun mutum ba ya kaiwa, ya ce da 'ya'ya a cikinsu saboda ga ƙananan sawu a tsakiyar manya. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Na ce Baba, yau za mu gan su kuwa? Ya ce yaro, giwar Yankari ta san mutum, ta san ƙarar bindiga, in ta ji mota sai ta shige duhuwa, kuma ba laifinta bane.

Daga nan hira ta ɓarke. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006, kuma a tsawon shekarun nan masu farautar haure sun yi wa giwayen ɓarna sosai, yanzu abin da ya rage bai wuce ɗari da wani abu ba, duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Zakunan ma 'yan ƙalilan ne. Ya ce su kan shiga sintiri da ƙafa su yi kwanaki a daji, suna kwance tarkon waya, suna korar shanun da aka shigo da su kiwo, wani lokaci su yi kiciɓis da mafarauta masu bindiga, akwai abokan aikinsu da suka rasa rai a haka. Bayan da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta karɓi kula da tsaron dajin a 2014 an samu kayan aiki da abincin sintiri, an kuma ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya ana bin inda suke ta tauraron ɗan adam.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar manoma. Da kaka giwaye kan fita gonakin ƙauyukan da ke kewaye, a dare ɗaya su share masara ko dawar da mutum ya yi wata huɗu yana wahala a kai. Ni ɗan manomi ne, na san abin da rumbu wayam yake nufi ga mai iyali, don haka ba zan zauna a Kano in ce wa wannan mutumin ya so giwa kawai ba. Baba ya ce shi yasa yanzu ake ɗaukar samarin ƙauyukan su riƙa gadi suna bugo waya da zarar garke ya doso, a zo a kora tun kafin a yi ɓarna. A ganina duk mai son giwar nan ta rayu, to ya fara da tausayin mai gonar, a biya shi asararsa kuma 'ya'yansa su samu aiki a dajin.

Da la'asar muka sake fita, muka bi gefen Gaji har rana ta yi ja, ba mu gan su ba. Muna juyowa sai muka ji kuka daga cikin duhuwar tsallaken ruwa, mai ƙarfi kamar an busa kakaki, Baba ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, direba ya kashe mota, muka zauna a haka har duhu ya fara rufe sawun da ke gabanmu.