Na Sa Raga A Bututu, Ruwa Ya Biyo Ta Sama

Wallahi har yau in na tuna ambaliyar 2020 sai raina ya ɓaci, kuma ba don kuɗin ba. Ina da kududdufin kiwon kifi guda biyu a fadama kusa da Argungu, tarwada nake yi, sai wani ya kawo min 'ya'yan wani kifin waje da ake kira kaf, na zuba a ɗaya.

Kafin in zuba na yi abin da na ɗauka bincike ne. Na zagaya wurin ƙafa da ƙafa, na ga hanya ɗaya ce ke haɗa ni da gulbi, wato bututun fitar da ruwa, na ɗaura masa raga ninki biyu. Amma a watan Maris na yi zagayen fa, tsakiyar rani, ƙasa duk ta tsattsage. Wani dattijo masunci ya nuna min kututturen wata giginya, ga shatin laka ya kai ƙirjina, ya ce "ɗana, nan ruwa ka kawowa in shekara ta cika." Na ce to Baba, na wuce abina.

Da ruwan ya zo cikin dare ɗaya ya shafe gaɓar, kududdufi da gulbi suka zama abu guda, ragar kuwa tana nan daram a bakin bututu ba abin da ta tare.

Abin da ke damuna shi ne kaf tonon laka yake, yana tumɓuke ciyawar ruwa yana dagula wurin da ƙananan kifaye ke fakewa. Kuma dam ɗin Goronyo da na Bakolori duk suna sama da mu, ba za su tare kifin da ya kuɓuce ba, daga nan ruwan ta Birnin Kebbi zai bi ya faɗa Neja ya wuce Yawuri har tafkin Kainji. Giwan ruwa namu ne a nan, amma da aka kai shi tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1950 ai cinye ire-iren kifayen can ya yi.

Yanzu duk mai son haƙa kududdufi ina ce masa ya je da damina, watan Agusta ko Satumba, ya ga iyakar ruwa da idonsa, ya tambayi masunta ina ruwa ya kai shekarar da ya fi yawa. Ni na koma kan tudu da tankin siminti, tarwada da karfasa kawai. Duk ranar kasuwa kuma sai na bi kwandunan masunta ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, gabana na faɗuwa.