Kawu, Ba Tuƙi Na Zo Koya Ba

Tun da aka ce Kawu ya faɗa a gidan suna wai na bar Zariya na zo Ingila don in zama direban motar asibiti, maganar ta ƙi barin raina. Ƙanwata ce ta ba ni labari ta waya. Ta ce har dariya aka yi, Inna kuwa ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi yi mini ciwo. Ban raina tuƙi ba, da shi Baba ya ciyar da mu, Allah ya jiƙansa. Amma ba shi na zo koya ba, aikin paramedic na zo koya, wato ma'aikacin lafiya mai ba da agajin gaggawa kafin a kai mutum asibiti.

Digiri ne na shekara 3 a jami'a, kuma tun 2021 wanda zai shiga aikin sai ya bi ta digirin kafin HCPC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ma'aikatan lafiya, ta yi masa rajista. Yau muna aji, gobe muna bayan mota awa 12 tare da ƙwararru. Na koyi karanta takardar bugun zuciya, da neman jijiya a hannun da ya yi sanyi, da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 30 sannan a hura masa numfashi sau 2, har kafaɗa ta yi tsami. Idan aka buga 999, lambar neman agajin gaggawa, aka ce mutum ba ya numfashi, minti 7 ake so mu isa. Kafin likita ya ga majinyaci, mu ne a kansa. Wallahi duk ranar da na sa koren kayan nan ina jin na zama mutum.

Sai dai yawancin kiran ba hatsarin mota ba ne, tsofaffi ne da suka faɗi a gida. Akwai wata dattijuwa a nan Birmingham da ta zame a kicin tun magariba, ta kwana a ƙasa har gari ya waye, sai da maƙwabciya ta ji nishinta. 'Ya'yanta suna nan da rai, kowa da garin da yake. Na durƙusa ina kiranta Mama ina duba ƙugunta, ita kuma sai ba ni haƙuri take wai ta ɗora mana wahala. A gidanmu tsohuwa ko tari ta yi cikin dare sai mutum uku sun leƙo. Da na tashi aiki na koma ɗakina, ni ma babu mai ce mini sannu da zuwa. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi.

Amma dattijuwar nan an zo mata da mota da magani, ba a tambaye ta ko sisi ba. Baba fa? Daren da bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, yayyafa masa ruwa aka yi, aka yi tofi, aka jira asuba, sannan aka sa shi a Keke Napep. Babu wanda ya yi sakaci, iya abin da muka sani ke nan. A nan Ingila, a aji, na ji malama tana cewa idan gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi, amma cikin awa 4 da rabi ake ba da ita. Sai da na fita daga ajin na share hawaye. Na yi imani da ajali, kuma na san neman magani ma umarni ne.

Inna ma tana da hawan jini. Na aika mata na'urar awo, na koya wa ƙanwata alamu uku: fuska ta karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Na ce mata ko ɗaya ta gani kada ta jira shawarar kowa, ta nemi mota a wuce asibiti ko ƙarfe nawa ne. Duk Juma'a tana karanto mini awon ta waya. Na makon jiya ya hau, domin Inna ta daina shan maganin wai ta ji sauƙi, gishiri da magi kuma ta ƙi ragewa. Na roƙe ta don Allah ta koma kan maganin, ta ce to, amma sai na sake kira gobe na tabbatar.